Shekarata 27 amma har yanzu "yaro" nake a gidanmu, yaushe ne namiji ke zama babba?

Ɗan Bilbis:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci min rai kuma na rasa wanda zan yi ta da shi baki da baki, shi ya sa na kawo muku ita, don Allah duk wanda zai amsa ya amsa tsakaninshi da Allah.

Ni ɗan Tawa ne, shekarata 27. Na samu bak, wato na gama sakandare, na zo Yamai na yi lisans a jami'a, na yi sarbis sibik na bautar ƙasa na gama, tun lokacin ba abin da nake sai ajiye takardu ofis ofis da jiran a buɗe konkur, jarabawar ɗaukar aiki. Ina zaune gidan kawuna a Lazare, ɗaki ɗaya da ɗiyanshi biyu da ke koleji. Da marece ina koya ma yaran wasu gidaje darasi, abin da ake ba ni a wata bai wuce kredi da sabulu da ɗan esans in na ari moto ba. Ba na shan komi, ba na yawon banza, salla kuma alhamdulillahi ina ƙoƙari.

Da sallar layya na je gida, aka yi zaman dangi kan gonar kakanmu da wasu ke son a saida wani ɓangare. Akwai ɗan baffana, shekararshi 22, ko firamare bai ƙare ba, ya tafi Abijan ya dawo ya yi aure bara, matarshi ma ta haihu. Shi aka shimfiɗa mishi tabarma cikin manya ana cewa wane kai me ka gani. Ni da na buɗe baki zan ce a fara yi ma gonar takarda kafin maganar saidawa, sai babban baffanmu ya ɗaga hannu ya ce a bari manya su gama, yara su je su dubo shayi. Kuma wallahi ba da wulaƙanci ya faɗa ba, a wurinshi haka abin yake, ni yaro ne, wannan ɗin shi ya fi ƙona min rai, don da da gangan ya yi sai in ce ƙiyayya ce in huta.

Ba hassada nake ma ɗan uwana ba, Allah ya ƙara mishi, yaron kirki ne. Tambaya nake. Mene ne ke mai da namiji babba? Aure ne, kuɗi ne, ko shekaru? Addini me ya ce? Abokaina biyu sun tafi wajen zinariya a arewa, ɗaya yana Libiya, kullum suna ce min in bar zaman jira in taso. In bar takardun nan da na ɓata shekaru a kansu in bi su ne, ko akwai wata hanya da ban gani ba?

Ba'adare a Abijan:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ɗan wajen Keita na, garba, abincin rogo da kihi, ni ka saidawa nan Abobo, kuma na daɗe cikin biɗa, don haka bari in ba ka labarin abin da ba ka gani ba ga ɗan baffanka.

Abin da kuka gani in mun zo gida, shadda sabuwa, agogo, moto, wanga na kwana ashirin na. Sauran shekarar ɗaki guda muka kwana mu da yawa, wani ya tashi wani ya kwanta, ana tashi tun duhu a tahi kasuwa biɗar kihi da acake, ruwa ya duke ka, ƴan gari su zage ka ka yi shiru don ba ƙasarka ba ta. Akwai waɗanda munka zo tare sunka koma cikin likkahwani, akwai wanda ya shekara bakwai bai je gida ba don kunyar komawa hannu wohi, ɗiyanshi ba su san huskarshi ba sai ga bidiyo. To in ka ce tahiya ita ta girma, waɗanga hwa?

Amma kuma ba ni bari a zagi baffanka. Tsohon ga ba agogon yaron ya ba tabarma ba. In an kai watan bakwai, rumbu ya ƙare sabon hatsi bai zo ba, wayar wa aka kira? In tsohuwa ta kwanta an rubuta ordinans, wa aka jira ya aiko? Yaron ga aka kira. Mutanen ƙauye ba su san lisans ba, sun san wanda in an kira shi da dare ya ɗauka. Ni ranar da nis san na hita yarinta ba ranar aurena ba ta, ranar da innarmu ta daina tambayar babanmu kuɗɗin hatsi ta koma tambayata ta, kuma ban ji daɗi ba, tsoro nij ji, don na san daga ranan in na yi wasa gida guda za su kwana da yunwa.

Shawarata, kak ka taso don hushi. Wanda ya taso don a ce mishi babba shi ka dawowa da bashi. Kai kana da abin da mu ba mu da shi, mu ko takardar aika kuɗɗi sai an karanta muna. Ka ɗauki abu guda cikin gidan kawunka ka ce wanga nawa na, ko faktir ɗin ruwa na, ko burodin sahe, ka riƙe shi wata da wata ba hwashi. Kuma ka aika ma innarka ko jikka biyu na ƙarshen wata, ba don ta wadata ba, don ta saba da cewa akwai abin da ka zowa daga wajenka.

Almajirin zaure:

Assalamu alaikum. Ɗan uwa Allah ya yaye maka damuwa. Tunda ka tambayi abin da addini ya ce bari in faɗi ɗan abin da muka karanta gaban malamai.

A shari'a kai ka daɗe da fita yarinta. Da zarar yaro ya yi mafarki ko gashin gaba ya fito, in kuma ba a ga alama ba ya cika shekara 18 a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, 15 a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya, shike nan alƙalami ya hau kanshi, salla da azumi da haƙƙin mutane duk shi za a tambaya, ba babanshi ba. Abdullahi ɗan Umar ya ce an gabatar da shi ga Annabi (SAW) ranar Uhudu yana da 14 aka mai da shi, ranar Khandaƙ yana da 15 aka karɓe shi. To mai 27 ba wanda ya isa ya cire shi daga cikin maza a wajen Allah, kuma wannan nauyi ne kafin ya zama daraja.

Amma Alƙur'ani bai tsaya nan ba. Duba Suratun Nisa'i aya ta 6, maganar marayu, Allah ya ce a jarraba su har su kai munzalin aure, in an ga shiriya da hankalin riƙon dukiya tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Wato jiki ya kai abu ɗaya ne, a gwada mutum a ga ya iya riƙe amana wani abu ne daban, kuma lura waɗanda aka umurta su yi gwajin manya ne. Yau manyanmu sun daina gwada yara da komi sai da aure da aljihu, wannan gaskiya ce ko da ba a son jin ta.

Aure sunna ne mai ƙarfi ba mai musu, Annabi (SAW) ya kira matasa ya ce wanda ke da iko ya yi, wanda ba shi da iko ya riƙi azumi, kuma a Suratun Nur aya ta 33 an ce waɗanda ba su samu halin aure ba su kame kansu har Allah ya wadata su. Ba a ce su ba maza ba ne. Imamun Nawawi har ya rasu bai yi aure ba, haka Ibnu Taimiyya, wa zai ce musu yara? Usama ɗan Zaid bai cika 20 ba aka ba shi rundunar da manyan sahabbai ke ciki.

Maganar zaman dangi kuwa akwai ƙissoshi biyu a Bukhari da suka yi kama da naka. Sayyidina Umar yana shigar da Ibnu Abbas majalisar dattawan Badar, wasu suka ji ba daɗi suka ce muna da ɗiya sa'o'inshi, sai Umar ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri, kowa ya faɗi nashi, Ibnu Abbas ya ce ajalin Manzon Allah ne aka sanar da shi, Umar ya ce ni ma abin da na sani ke nan. Na biyu, Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ta yi kama da musulmi, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne amma ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin, da ya gaya ma babanshi daga baya sai Umar ya nuna mishi da ya faɗa da ya fi mishi daɗi. Ka ga ladabin ƙarami yana nan, haƙƙin babba ya buɗe ma mai sani ƙofa shi ma yana nan. Baffanka ya tauye na biyun, kai kuma da ka tashi ka je wajen shayin ba ka mai da magana ba ka cika na farkon, kada shaiɗan ya sa ka ga kamar ragonta ka yi. Ku mutanen Tawa da kuka san kokowa, hadisin Abu Huraira na nan a Bukhari da Muslim, mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kanshi lokacin fushi.

Abu ɗaya zan ƙara, kada ka raina koyar da yaran nan da kake yi. Annabi (SAW) ya yi kiwon tumakin mutanen Makka ana biyanshi, ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija zuwa Sham kafin ya aure ta yana da 25. Annabi Musa shekara takwas ko goma aka yanka mishi na aikin ƙodago a Madyana kafin ya tafi da iyalinshi, kuma abin da aka yabe shi da shi ƙarfi da amana ne.

Shugaban fada Talaje:

Malam Allah ya saka, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka ɗauki ayoyin nan ka je neman aure da su a Yamai ka ga ko za a buɗe maka ƙofa. Mun san a Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, to wane uba ne zai tsaya nan? Kafin sadaki akwai kuɗin gaisuwa, akwai baliz wato lefe, akwai salula, akwai kujeru da tanti da mai hoto, ga hayar ciki da falo sai ka ba da na watanni gaba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne, wato sefa dubu 42, tun farkon 2024, kafin nan jikka 30 da ƴan kai, kuma mu da yawa ko wannan ba mu da shi. Sai a hana ka aure saboda ba ka da kuɗi, a dawo a ce kai yaro ne saboda ba ka yi aure ba, a dawo kuma a ce kana zaman banza a fada, majalisar hira da shayi ta samari. Ina ake so mu sa kanmu?

Ni shekarata 31 kuma abin da Ɗan Bilbis ya ji a rana ɗaya ni kullum nake jin shi. Fadar nan da ake zagi ita kaɗai ce wurin da in na yi magana ake saurarena. Muna da asusu, duk Juma'a kowa na zuba abin da ya samu, wanda aka yi ma rasuwa ko haihuwa mu ke tsaya mishi, mun sai ma mutum biyu moto suna kabu-kabu suna biya a hankali. Dare in ɓarayi sun shigo kartiye mu ake buga ma waya. Lokacin ambaliyar 2020 da kogi ya fasa ya shiga Lamorde da Saga su wa suka ɗauki buhunan yashi da tsofaffi a baya? Samarin fada ne. Ranar ana ce mana maza, ruwa na janyewa muka koma yara.

Yayarku ta Wadata:

Salamu alaikum. Na ga duk maza ne ke magana, ku yi haƙuri in sa baki, don mu ne ke zama da ku kuma mu ne muka san wanda ya girma da wanda gemu kawai ya tara.

Ƙanena na Talaje, na yarda an matsa muku kuma maganar baliz mu mata muna da laifi babba a ciki, uwa ce ke cewa ɗiyata ba za ta fita da ƙasa da na ɗiyar wance ba. Amma fada ba duka ɗaya ba ce. Akwai irin taku, akwai kuma wadda ake kwana kartar belot da ƙwayar tramol, a tashi azahar a shigo gida ana tambayar ina abinci, uwa tana bakin kasko tun asuba tana tuyar ƙosai ƙanwa tana talla. Wannan ko an ba shi miliyan ya yi aure, wahalar ce za ta tashi daga kan uwarshi ta koma kan ɗiyar mutane.

Ni ina aiki wajen masu haihuwa nan Tawa, ina ganin abu da idona. Magidanci da furfura a kawo matarshi tana zubar da jini a neme shi ya ba da jini ko ya sayo magani wayarshi a kashe, sai ka ga ƙanenta ɗan shekara 19 shi ke gudu tsakanin farmasi da gado, shi ya kwana kan benci. Wane ne namiji cikin su biyun? Kuma ku maza kun koya ma junanku cewa taimakon mace a gida zubar da girma ne. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) ke yi a gida ta ce yana cikin hidimar iyalinshi, in lokacin salla ya yi ya fita. Ya yi hawaye da ɗanshi Ibrahim ya rasu gaban sahabbai. Yau yaro ɗan shekara shida ya faɗi ya yi kuka sai a ce kai ba namiji ba ne, ya tashi bai iya faɗin abin da ke damunshi ba sai da tsawa ko mari, mu kuma a ce mu yi haƙuri haka maza suke.

Maganar tafiya kuma, yaya na Abijan ya faɗi nashi ɓangaren, bari in faɗi namu. Ku je ƙauyukan Keita da Buza da rani ku ƙirga mazan da ke gari. Furojen gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984, duwatsun nan da aka jera aka tare ruwa aka dasa itatuwa, yawancinsu mata ne suka ɗauke su a kai don maza suna bakin teku. Ba zagi nake ba, talauci ne ya kore su kuma da kuɗinsu ake ci, amma yaron da ya tashi bai ga babanshi ba sai wata ɗaya a shekara wa zai nuna mishi yadda ake zama da mace, yadda ake fushi a haɗiye? Sai ya koya a TikTok.

Ɗan Bilbis ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka ka amsa ma kanka. Yaran kawunka biyu da kuke kwana ɗaki ɗaya, ka san makinsu na wannan zangon? Kai ke tashinsu asuba? Matar kawunka in gaz ya ƙare kai take kira ko sai ta jira mai gida? In amsar e ce to ka kwantar da hankalinka, mata sun riga sun san matsayinka a gidan nan, kuma labari daga bakinmu yake isa kunnen tsofaffi.

Tsohon mushe (malamin lakkol) mai ritaya:

Ɗana, na karanta maganarka da ta ƴan uwanka. Ni sa'an baffanka ne ko na girme shi, na koyar a lakkol shekaru masu yawa cikin jihar Tawa, bari in gaya maka abin da ya canza don ka daina ganin kamar kai ne ka gaza.

A da yaro ba shi ke mai da kanshi babba ba, gida ne ke ɗaga shi mataki mataki. An yi mishi kaciya ya bar ɗakin uwa. Ya fara bin uba gandu. Ya ɗan tasa a yanka mishi gamana, gonarshi ta kanshi, abin da ya noma nashi ne ya saida ya sai riga ko akuya, nan ake gane mai hankali da mai ɓarna. In an yi gayya a ga ƙarfinshi, in an girbe a yi kokowa a dandali ƴan mata na kallo. Samariya, ƙungiyar samari, na da sarkinta da muƙamanta, su ke gyaran masallaci da maƙabarta da tarbar baƙi, zamanin Seyni Kountché bayan 1974 gwamnati ta ɗauke ta ta ƙara mata ƙarfi, samari suka gina azuzuwan lakkol da hannunsu. Ina saurayi aka yi kokowar ƙasa ta farko nan Tawa a 1975 wadda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Sannan abu mafi girma, auren fari uba ne ke yi ma ɗanshi, daga gandun da ɗan ya yi ma bauta ake fidda kuɗin. Yaro bai taɓa zama yana tunanin ina zan samu sadaki shi kaɗai ba.

Yau gonar da ta ciyar da gida ɗaya an raba ta gida goma, ƙasa ta gaji, kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma tun shekarun 1990 gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kamar yadda aka ɗauke mu. Mu muna fita makarantar horon malamai aiki na jiranmu. Matakan nan duk sun zube, wanda ya rage shi ne na ƙarshe, aure, kuma shi ma an sauke shi daga wuyan uba an ɗora ma ɗa. Baffanka da tsohon ma'auni yake awo, bai san an canza kasuwa ba. Hausawa na cewa babba juji ne, kuma mai son a kira shi babba sai ya fara da ɗaukar irin wannan daga wajen tsofaffinshi ba tare da ya ƙullace su ba.

Amma maganar gonar kada ka bar ta, don kai ke da gaskiya. Tun 1993 akwai dokar karkara a ƙasar nan, kuma akwai kwamitin filaye da ake kira kofo tun daga ƙauye har kwamin har departama, mai gari ne shugaban na ƙauye, su ke ba da takardar shaidar gonar gado da ta saye da ta aro da ta jingina. Na ga gidaje da yawa sun watse, ƴan uwa ciki ɗaya suna gaban alƙali, saboda an saida gona da baki ba a san iyakar rabon kowa ba, musamman rabon mata da ake dannewa. Kuskuren wuri ne kawai, tsoho ba ya karɓar gyara gaban taro. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka tafi da goro, ka zauna ƙasa, ka ce baba karatun nan da kuka sa ni na ga wani abu ina tsoron kada a cuce mu, ka bar shi shi ya kai maganar gaban dangi a matsayin tashi. Kada ka nemi a ce kai ka kawo ta.

Ɗan Bilbis:

Na gode ƙwarai, baba, malam, yaya da ƴan uwana, Allah ya saka da alheri. Yaya, makin yaran na sani don ni ke duba musu kaye, gaz kuwa ni ke ɗaukowa amma ba ni ke biya ba. Faktir ɗin ruwa zan iya, zan yi ma kawu magana ƙarshen watan nan.

Sai dai har yanzu ina tare da ɗan uwana na Talaje a abu ɗaya. Duk shawarwarin nan mu ake ce ma mu gyara, mu yi haƙuri, mu zauna ƙasa. Na yarda zan yi. Amma wa zai gaya ma iyaye su ma su rage? Ban taɓa jin huɗubar Juma'a guda da aka tsaya aka ce ma uba gwada ɗanka da amana tun yana 15 ba, ko aka ce ma uwa baliz ɗin nan shi ke tsufar da ɗiyarki a gida, kullum matasa ne suka lalace.

Baba, tambaya kan gonar. Kakanmu ya bar ɗiya mata uku, gwaggonninmu, biyu na da rai ɗaya ta rasu ta bar ɗiya, kuma ba a kira ko ɗaya zaman ba. In na ta da wannan ba zai ce na zo raba zumunta ba?

Almajirin zaure:

Zai iya cewa, amma ba a saida abin da ba a raba ba alhali masu haƙƙi ba su sani ba. Gwaggonninka suna da rabo da nassin Suratun Nisa'i aya ta 11, namiji rabon mata biyu, kuma wadda ta rasu in bayan kakanku ta rasu rabonta ya koma kan magadanta, in kuma ta riga shi rasuwa hukuncin daban ne, don haka ka fara binciko wannan. Kada ka ɗauki maganar kai kaɗai, ka je wajen limamin da baffanka ke salla bayanshi ka yi mishi bayani, shi ya san yadda zai shigar da ita. Maganar huɗuba kuma ka yi gaskiya, akwai limamai da ke taɓa tsadar aure amma ta gwada yara da amana ban cika ji ba, zan kai ta gaban malaminmu ranar Alhamis in sha Allahu.